Tocilar da Ba Ta Jin Rawar Hannu

A gidanmu da ke Nassarawa GRA akwai tocila arba'in da uku, amma duk ranar da aka ɗauke wuta da fitilar wayata nake laluben hanyar kicin. Ba wai tocilolin ba sa aiki ba ne. Aiki suke yi har ya wuce kima. Ka danna sau ɗaya ta kama, ka danna sau biyu ta haske har gidan maƙwabta, sau uku ta shiga walƙiya kamar motar 'yan sanda. In ka riƙe makunnin sai haske ya dinga ƙaruwa a hankali, in ka danna sau huɗu ta kulle kanta ta ƙi kula ka. Akwai ma wadda take ƙiftawa ta gaya maka sauran ƙarfin batirinta. Ni Sa'adatu, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ban taɓa haddace wannan shirmen ba, kuma ban taɓa ɓoye wa mai shi cewa shirme ne ba.

Mai shi kuwa maigidana ne, wanda unguwa ta sani da Injiniya Ɗahiru. Tun da ya yi ritaya daga aikin lantarki ya mallake ɗakin baya, wanda da can direba ke kwana a ciki. Ya sa dogon tebur, ya rataye madubin ƙara girma mai fitila, ya jera gwangwanayen madara cike da ƙusoshi da wayoyi. Ba sayen tocila yake yi ba, haɗawa yake. Ƙwan daban zai yi oda, gilashin daban, sannan wani ɗan allo kore da bai fi faɗin kwabo ba, mai ƙwaƙwalwa a tsakiya ƙarama kamar ƙwayar shinkafa. A kwamfuta yake rubuta wa ƙwaƙwalwar umarnin yadda za ta yi in an danna ta, sannan ya ɗura mata. Suna da ƙungiya a waya, su wajen ashirin, daga Kano har Legas, kowa na yabon tasa. Duk Asabar kuma abokinsa Mista Martin, wani mutumin Zariya da ya koyar da aikin lantarki a makarantar koyon sana'a, yakan taho daga Kawaji. Da rana tsaka za su saki labule, su haska bango, su yi awa biyu suna gardamar farin wannan ya ɗan ja kore ko kuwa ruwan ɗorawa ne. Tsofaffi biyu da furfura. In na kai musu abinci nakan ce in sun gama gano launin bangon su gaya mini, ni da na zaɓi fentin.

Shekara uku da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari in yana zaune ne kawai, sai babban yatsa ya dinga motsi kamar mai jan carbi. Daga baya cokali ya fara ƙara a jikin kwano, shayi ya fara zuba a gaban riga. Aka je asibiti, aka faɗi sunan ciwon, aka ba da magani, aka kuma gaya mana gaskiya cewa rage masa gudu kawai za a yi.

Abin da ya tayar da maganar ya faru ne wata Litinin bayan sallar magariba. An ɗauke wuta, yana dawowa daga masallacin layinmu, ya ciro tocilar da ya fi so, wata baƙa mai jan makunni. Ya danna sau ɗaya a nufinsa, amma yatsan ya buga sau uku. Tocila ta shiga walƙiya. Ya sake dannawa don ya kashe, ta koma wani salon. Haske na ɗaukewa yana dawowa a idonsa, bai ga bakin kwalbati ba, ya faɗi. Maigadin gidan da ke kallonmu ne ya riƙo shi har falo, goshi a fashe, tocilar tana ta walƙiya a hannunsa ya kasa kashe ta. Ni na karɓa na kwance gindinta na zare batirin, don shi kaɗai na iya. Kwana biyu kafin wannan kuma ƙarfen da yake narkar da dalma yana liƙe wayoyi ya ƙone shi a tafin hannu, ya ɓoye mini, sai a wajen alwala na gani.

Washegari Likita ya zo.

Likita ɗana ne na fari, kuma a nan sai na yi bayani, don 'yan yanzu ba duka suka san wannan ba. A gidan da na tashi, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa. Yana da shekara biyu kakarsa ta ɗauke shi, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo. Da yana ƙarami "yaron nan" nake cewa, da ƙannensa suka zo ya zama "yayanku", da ya gama karatu ya zama Likita. Shekararsa arba'in da huɗu. In ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, in ce ya iyali, ya ce lafiya, shi ke nan. In ina da magana da shi, ƙanwarsa Safina nake gaya wa ta kai. Kada wani ya ce ba na son sa. Ranar da ya ci jarrabawar likitanci banɗaki na shiga na kulle ƙofa na yi kukana na wanke fuska.

Ya duba goshin, ya duba tafin hannun, ya shiga ɗakin baya ya daɗe. Da ya fito sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinsa, ya yi magana a hankali cikin ladabi, irin ladabin da ba ya barin wurin musu. Ina daga ƙofar kicin ina ji.

"Abba, ɗakin nan ya zama haɗari. Ga ƙarfe mai zafi, ga batira irin masu kamawa da wuta, ga hayaƙin dalma. Yau goshi ne, gobe ban san mene ne ba. Zan sa a kwashe kayan a adana, a gyara ɗakin a sa keken motsa jiki. Tocila kuma zan kawo maka mai sauƙi, kunna da kashe kawai."

Na jira in ji Injiniya ya daka masa tsawa. Mutumin da ya taɓa korar ɗan kwangila daga ofis da takardunsa a hannu. Sai na ji ya ce, "To, Imrana. Kai ka san aikinka."

Wallahi ji na yi kamar in jefar da ludayin da ke hannuna. Ni fa na fi kowa ƙin tocilolin nan. Amma na san abin da ke tayar da mutumin nan daga gado da safe, kuma ba keken motsa jiki ba ne. Na ga maza uku a layinmu da 'ya'yansu suka lallaɓa su suka zaunar a gaban talabijin don tausayi, ba wanda ya ƙara shekara biyu a cikinsu yana gane mutane.

Da yamma na kira Safina a waya. Na ce, "Ki gaya wa yayanku ban yarda ba. Ɗakin nan ko tsinke ba za a ɗauka ba. Haka za ki faɗa masa, kada ki rage kada ki ƙara."

Ta ce, "To, Umma."

Na kwanta da raina fes, ina ganin na gama magana.

Ranar Alhamis ta kira ni tana wani sanyaya murya, wai Yaya ya ce in sa a share hanyar baya, jibi Asabar da ƙarfe goma zai zo da mota da ma'aikata biyu.

"Wace mota? Ba ki kai saƙona ba?"

"Na kai, Umma."

"Me kika ce masa?"

Sai da na maimaita kafin ta amsa. "Cewa na yi ba ki ji daɗi ba, amma kin san shi ne likita."

"Ni na ce miki haka?"

"Umma, ta yaya zan kalli Yaya in ce masa ko tsinke? Ai kullum haka nake yi. In kin faɗa da zafi sai in ɗan sassauta. Shi ma in ya faɗa sai in gyara kafin in kawo miki."

Kullum. Shekara ashirin ke nan ina aika magana ana tace ta a hanya kamar kamu, ni kuma ina nan ina mamakin yadda yaron nan bai taɓa jin tsorona ba. Na kashe wayar ban yi mata sallama ba. Na nemo lambarsa, ga ta nan an rubuta Likita, na zuba mata ido. Maganar Allah, na kasa dannawa. Ni da na tsayar da ɗalibai ɗari shida a rana da kallo ɗaya, yatsana ya ƙi. Na ji haushin Safina, na ji haushin uwata da ke kabari, Allah ya jiƙanta, na fi jin haushin kaina.

Da haushin na nufi ɗakin baya, wanda rabona da wuce bakin ƙofarsa an fi shekara. Na tarar da shi a gaban kwamfuta, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, yana buga harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda. Baƙar tocilar tana gefe a wargaje.

"Mutumin da ya ce to, me kuma yake yi a nan?" na ce.

Bai juyo ba. "Guda ɗaya nake so in gama kafin su zo."

"Wacce? Wadda ta fasa maka kai?"

"Ba laifinta ba ne. Abin da na rubuta mata ta yi. Na rubuta ne lokacin da hannuna ke jin magana." Ya nuna mini rubutun da ke fuskar kwamfutar, layi layi kamar aikin gida na ɗaliba mai tsabta. "Na sake mata umarni. Yanzu in an taɓa ta, za ta kama, sannan ta toshe kunne na daƙiƙa ɗaya. Ko sau goma yatsa ya buga a cikin daƙiƙar nan, ɗaya za ta ƙirga. Ba walƙiya, ba kullewa. Tun daren da na faɗi nake rubutawa."

"To ka ɗura mata mana."

Ya ɗaga hannun sama ya bar shi yana rawa a tsakaninmu. Sannan ya nuna mini abin ɗurawar. Wani ɗan ƙarfe ne mai allurai shida a baki, da waya zuwa kwamfuta. A jikin koren allon akwai ɗigo shida masu ruwan zinariya, kowanne bai kai kan ashana ba. Sai an dafa alluran a kan ɗigon nan daidai, a riƙe ba motsi na kusan daƙiƙa arba'in. In hannu ya goce a tsakiya, ƙwaƙwalwar na iya rikicewa ta mutu gaba ɗaya, kuma irin allon guda biyu suka rage masa. A da Mista Martin ne ke riƙe masa, to shi ma yana Kaduna wajen 'yarsa, an yi masa aikin ido. Ga kuma wayar makunni da ta tsinke a faɗuwar, sai an liƙe ta da dalma.

"Shi ke nan abin?" na ce. "Riƙewa?"

"Ba kamar yadda kike gani ba ne, Sa'adatu."

"Ni da nake zura zare a allura ba gilashi? Matsa."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ke da kika ce shirme ne."

"Har gobe shirme ne. Matsa, na ce."

Ranar Juma'a tun da hantsi na zauna koyon liƙi. Ya ba ni wani mataccen allo in yi gwaji. Abin da ban sani ba, ashe ba dalmar ake narkarwa a kan ƙarfen a ɗiga ba, wurin ake fara ɗumamawa, sai a kawo dalmar ta bi da kanta. Na farko ya fito kamar kashin akuya. Na biyu na haɗe ɗigo biyu da bai kamata su haɗu ba. Yana tsaye a kaina yana "ɗaga, ɗaga, kin daɗe", har na ce in bai rufe baki ba zan liƙe masa shi. Na ƙone ɗan yatsana na tsakiya, na tsoma a ruwa na dawo. Kafin ya tafi masallacin Juma'a na yi guda ashirin, na ƙarshe ya ɗauka ya duba a madubi ya juya shi, ya ce, "Martin ma bai fi haka ba." Na ce kada ya zage ni.

Bayan la'asar na liƙe wayar makunnin ta gaske, ta kama tsaf tana ƙyalli. Muka zo ɗurawa. Na dafa alluran, ya danna, kwamfuta ta yi ta rubutu, sannan ta fito da jan layi. Ya ce ba hannuna ba ne, kuskure ne a rubutunsa, yatsa ya buga wani harafi sau biyu a wani wuri, sai ya bi layi layi ya nemo. Layi ɗari uku da wani abu. Na ce ya karanto ni in duba, ai gyaran takardun jarrabawa ne aikina. Ya ce ban san yaren ba. Na ce su ma ɗalibaina ba yaren mutane suke rubutawa ba. Muka bi tare har aka kira magariba ba mu samu ba, ya gaji, hannun ya ƙara tsananta, na sa shi ya bari.

Da safen Asabar, wajen tara da kwata, ni na gano shi. Wani baka ne, irin wanda ake killace lambobi a ciki a lissafi, aka buɗe sau biyu aka rufe sau ɗaya. Na sa yatsa a kai na ce, "Wannan ko a lissafi sifili zan ba ka." Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ya faɗi.

Gwajin farko na safiyar nan hannuna ya goce. Atishawa ce ta zo mini, ban san daga ina ba. Kwamfuta ta yi ja, ya gwada allon ta kowace hanya, ya mutu. Ya ajiye shi a gwangwani. Saura ɗaya. Sai da na sake kwance wayoyi uku daga mataccen na liƙa a sabon, ina yi ina kallon agogon bango. Goma saura kwata na ji ƙarar buɗe get da kukan babbar mota tana shigowa da baya. Yaron nan bai taɓa makara ba a rayuwarsa, kuma a wurina ya gado, abin haushin ke nan.

"Bari kawai," in ji Injiniya. "Sun zo."

"Danna."

"Sa'adatu..."

"Na dafa. Danna, na ce."

Na kafa gwiwar hannuna a tebur, na sa ido a madubi, allurai shida a kan ɗigo shida. Ya danna. Wani koren layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Ina jin takun takalmi a tsakar gida, ina jin ana sauke kwalaye. Aka yi sallama a bakin ƙofa, Injiniya ya amsa, ni ban ɗago ba.

Na san abin da ya gani. Uwarsa mai shekara sittin da huɗu a sunkuye cikin warin dalma, yatsa a naɗe da filasta, ƙarfe mai zafi a jone kusa da gefen mayafinta, wayoyi ko'ina. Na ji ya ce, "Subhanallah. Abba, har da Umma? Mayafinta zai kama." Ya tako da sauri. Ta gefen ido na hango hannunsa ya nufi tarin wayoyin da ke kan tebur, zai tattare su ya zare. A cikinsu har da wadda ta haɗa allurana da kwamfuta. Koren layin bai kai rabi ba.

Ba Safina a wurin. Ba kuma lokacin neman ta.

"Imrana!" na ce. "Cire hannunka daga nan."

Sunan ya fito mini da wani irin nauyi, kamar na ɗaga turmi. Ban taɓa jin sa a bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Hannun ya tsaya a sama, bai taɓa wayar ba, bai kuma janye ba. Ni ma ban ɗago ba, don ba halin ɗagowa. Ina kallon allurai, hawaye na taruwa, ina ƙifta ido da ƙarfi kada su rufe mini ɗigon. Tunda kuma bakin ya riga ya buɗe, sai na bar shi ya ƙarasa.

"Saƙon da na aika maka ba shi aka kai ba. Cewa na yi ban yarda ba. Ɗakin nan ko tsinke ba za a ɗauka ba. Kai likita ne a asibiti, na sani, na kuma gode wa Allah. Amma mutumin nan ba gadon asibiti ba ne da za ka gyara ka ja labule. Ka ja da baya, kana tare mini haske."

Ya ja da baya. Koren layin ya ci gaba da rarrafe, kafaɗata ta fara zafi, na ji gumi na bin bayana. Sai kwamfutar ta yi ɗan ƙara.

"Ta shiga," in ji Injiniya, muryarsa ƙasa ƙasa. "Saki."

Na saki, yatsuna suka ƙi miƙewa. Ya yi ta gaya mini ina haɗawa, allo a mazauninsa, gilashi, zobe, batir, gindi. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannun daman, mai rawar, da gangan. Muna ji makunnin yana ƙas ƙas ƙas ƙas a ƙarƙashin yatsansa, sau huɗu ko biyar. Haske ya fito fari tas ya tsaya a bango. Da'irar tana rawa saboda hannun, amma hasken bai ƙifta ba. Ya jira, ya sake dannawa, ƙas ƙas ƙas, ta mutu. Ya kunna. Ya kashe. Sai da ya yi sau shida, yana yi leɓensa na motsi.

Sai a lokacin na juya na kalli ɗana, ido cikin ido, abin da rabona da yi tun yana cikin zani. Ashe har ya fara furfura a gefen kunne. Idonsa ya yi ja, yana tsaye kamar ɗalibin da aka kira gaban aji bai san laifinsa ba.

"Umma," ya ce, sai ya tsaya ya gyara murya. "Umma, tocila ta yi. Amma ciwon ba zai tsaya ba. Ƙarfen nan zai sake ƙone shi."

"Ba zai ƙara taɓa shi ba. Ƙarfen nawa ne yanzu. Shi ya rubuta, ni in liƙa. Batiran da kake tsoro, ka kawo akwatin ƙarfe a zuba su, ka sa mana fanka a taga ta ja hayaƙin. Wannan aikinka ne, ka yi shi. Keken kuma ka kai falo, ni ma ina so."

Ya kalli mahaifinsa, ko zai ce wani abu. Injiniya yana can yana haska ƙarƙashin tebur kamar ya ga abin da ya ɓata shekara goma. Ya sake kallona. Sannan ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "To, Umma," ya fita. Muna ji yana gaya wa ma'aikatan su mayar da kwalayen mota. Bai tafi ba, na hango shi ta taga ya zauna a kan dakalin famfo ya dafe kai da hannu biyu. Raina ya ce in fita wurinsa. Ƙafata ba ta kai nan ba tukuna, abin da na yi a ranar ma ya ishe ni.

Na fara tattara guntayen waya ina cewa ai ga shi nan, an gama, sai a bar mutum ya je ya ɗora girki. Injiniya ya ce in dakata. Ya jawo kwamfutar gabana, ya gangara da rubutun har wani layi, ya sa yatsa a kai, yatsan na bugun gilashin.

"Kin ga wannan lambar? Dubu ɗaya. Ita ce daƙiƙa ɗayan. Yaron ya yi gaskiya, baɗi ba za ta ishe ni ba. In kin ga ta fara kamawa tana mutuwa a hannuna, ki zo nan ki mai da ita dubu biyu, ki ɗura kamar yadda muka yi. Ki koya yanzu da nake iya nuna miki. Lokacin wataƙila bakina ma ba zai fita sosai ba."

Na ajiye wayoyin. Na jawo kujerar da na ture na zauna.

"Har nawa take ɗauka?"

"Na bar mata wuri har dubu biyar." Ya yi ɗan murmushi. "In ta wuce nan, ba tocila ce matsalar ba."

Na ji abin ya soke ni har ƙahon zuciya, kuma na ji haushi, haushi mai tsanani, na yadda ya zauna shi kaɗai a ɗakin nan da yatsa ɗaya ya yanke wa kansa iyaka bai shawarci kowa ba.

"Wa ya ba ka izinin tsayawa a biyar? Buɗe mata har dubu goma."

"Sa'adatu, mutumin da zai buƙaci daƙiƙa goma..."

"Ni zan faɗi ranar da za a daina, ba kai ba, ba Likita ba. Buɗe."

Ya jawo kwamfutar gabansa. Sannan ya kama wuyan hannun dama da na hagu, ya kai yatsa kan madannai, ya goge biyar ɗin, ya fara rubuta goma. Sau uku yana kuskure lambar yana gogewa. Na naɗe hannuwana a ƙirji na jira shi, ban taya shi ba.